Doka ta Bakwai a Tseren Gora

Da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, wata ranar Alhamis, na ɗora regil, abin jan layi, a kan kayena, littafin rubutuna, na ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan jimlar ƙarshe. Na san lokacin ne saboda a wancan zamani duk shafin da zan buɗe sai na rubuta rana da awa a samansa, kuma agogon Mushe, malamin lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, yana ajiye a kan tebur a gabana. Layin ya fita da kyau, bik, alƙalamina, bai zubar da tawada ba. Har na ji daɗinsa. Kwana biyu bayan haka layin nan ya kusa cin ran mutum.

Abin da ya tayar mini da wannan yanzu, bayan na tsufa na ajiye alli, shi ne na je gida bara da kaka, na ga tabkinmu. Da can in ka tsaya a bakinsa na gabas, wanda ke yamma ba ka gane fuskarsa, sai dai ka gane shi da tafiyarsa. Yanzu kacala ta cinye rabinsa, masu rake da albasa sun ja sauran da injina. Amma ba ƙanƙancewarsa ce ta dame ni ba, ƙara ce. Injin ban ruwa nan, babur can, salula a aljihun kowa tana waƙa, mai shayi ya kunna tasa a bakin hanya. Na tsaya ina neman sautin da na sani ban same shi ba. A zamaninmu tabkin yana da muryoyinsa, kowacce da lokacinta. Da sassafe kwaɗi ne, sai tulunanmu suna haɗiyar ruwa bul-bul-bul. Da hantsi bugun wanki. Da rana ta take shanu su shiga har ƙirji suna huci, makiyayi yana yi musu magana kamar mutane. Da la'asar kuwa tsuntsaye ne a kan bado. Aikina ɗebo ruwa sau uku kafin rana ta yi zafi, da wanke-wanke, da tsince wake. Ina tafe da littafi naɗe a gefen zani, Inna tana cewa wata rana sai na kawo mata ruwa da takarda a ciki. Ba ni da yawan magana. In baƙo ya gaishe ni sai an sake tambayata me na ce.

Sau ɗaya a shekara, bayan an yanke gero, kafin a tone gyaɗa, lokacin da tabki ya cika ya kwanta, ana yin tseren gora. Yaran yanzu ba su san gorar masunta ba. Babba ce, ta kai a rungume ta da hannu biyu, da baki a samanta. Mutum ya kife a kanta, cikinsa ya toshe bakin, ya riƙe sakaina ɗaya a kowane hannu yana tuƙa ruwa da su. In ya iya, sai ka ga yana tafiya kamar ana jan sa da igiya. In cikinsa ya goce, ruwa ya shiga, gorar ta nutse ta bar shi. Daga gabas ake tashi, a gama a yamma. A tsakiya akwai wani kututturen giginya da ya mutu a tsaye cikin ruwa, daga nan zurfi yake farawa, kuma ta kudunsa bado ne shimfiɗe, mai saiwoyi kamar igiya.

Sarkin ruwan garinmu kakana ne na wajen uwa. Shi ke da dokokin tseren, a kansa suke, ba a taɓa rubuta su ba. A shekarar da nake magana sai aka ce manyan baƙi za su zo kallo daga birni, ana son dokoki a takarda, a karanta su da Faransanci da Hausa kafin a tashi. Ni kaɗai ce daga ƙauyen nake kwalej a Magariya, ina hutu, rubutuna kuma yana da kyau. Mushe ya aike ni wajen Kaka da kaye.

Na same shi yana ɗinke wata tsagaggiyar gora. Ya ɗago ya ce, "A'a, matata ce da kanta? Yau kuma takardar saki kika kawo mini?"

Na ce, "Mushe ne ya ce ka faɗa mini dokoki in rubuta."

"To zauna. Ki rubuta da manyan baƙaƙe, ko kifi ya samu ya karanta."

Ya riƙa faɗa yana ɗinki, ni ina rubutawa. Ba mai ɗaure kansa da gora. Ba mai shiga da riga, ko laya mai igiya a wuya. Ba mai shiga da cikakken ciki. Ba mai dukan gorar wani da sakaina, ko da wasa. Kowa ya bar hularsa a kan tabarma, ya dawo ya ɗauka da hannunsa. Wanda ya ga gorar wani ta kife, ya bar tsere ya koma kansa, ko da shi ne a gaba, in kuwa ya wuce shi to ya gama shiga ruwan garin nan. Shida ke nan. Ya ciji zaren ya tofar, sannan ya ce, "Ta ƙarshe. In na gaba ya kai giginya, a ajiye kiɗa. Ba ganga, ba guɗa, ba kirari, sai an taɓa gaɓar yamma."

Ban tambaye shi dalili ba. Tun ina goye nake ganin ana yin shirun nan, na ɗauka girmama ruwa ne irin na mutanen da.

Da na koma, Mushe ya rubuta mini kan magana a allo: dokokin masu tsere. Na zauna ina juya su zuwa Faransanci, ɗaya bayan ɗaya. Da na zo ta bakwai sai na tsaya. Ni mutum ce da ba na son abu ya zauna inda ba wurinsa ba. Na ɗaga hannu, ko da yake mu biyu ne kawai a ajin.

"Mushe, wannan ba ta masu tsere ba ce. Ta ƴan kallo ce."

Ya karanta, ya dube ni ya yi murmushi. "Kin fi ni lura. Ashe ba a banza suke ba ki lambar yabo ba. Cire ta, ai kowa ya san ta."

Ba shi ya gano ba, ni na nuna masa, kuma don ya yaba mini na nuna. Wannan shi ne gaskiya. Sai na ɗauki regil.

Ranar Asabar da hantsi bakin tabki ya cika. Ban taɓa ganin mutane haka ba, har daga Waca da Mallawa, har daga ƙetaren iyaka. An yi rumfa a kan tudu, an jera kujeru. An kawo amsa-kuwwa da batirin mota, karo na farko a garinmu, yara sun kewaye ta suna leƙa cikin bakinta. Sarkin samari ya gayyato makaɗa daga wani gari, su biyar, da manyan ganguna. Makaɗinmu, wani tsoho mai kalangu ɗaya, aka tura shi gefe. Kaka tun da safe ya zagaya gaɓar yamma, can yake tsayawa kullum don ya ga wanda ya fara taɓawa.

Masu tsere goma sha tara ne. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ajiye huluna a tabarmar da ke gabana, ni ina duba sunaye. Yayana yana cikinsu, ɗan farin Inna, wanda ya zo na biyu a shekarar da ta wuce. Ya jefa hularsa daidai kan ƙafata.

"Ƴar lakwal, ki kula mini da ita. In kin karanta da Faransanci ki sassauta, kada gorata ta tsorata."

Abokansa suka yi dariya. Na sunkuyar da kai.

Aka miƙo mini mikoro, abin maganar amsa-kuwwa. Na karanta dokoki shida da Faransanci, na sake karanta su da Hausa. Muryata ta fita ta amsa-kuwwa kamar ta wata, na ji kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Baƙi suka tafa. Sarkin samari ya karɓe mikoron, aka busa ƙaho, suka faɗa ruwa.

Da farko komai daidai. Ganguna suna tashi, mata suna guɗa, sakaina talatin da takwas suna tsaga ruwa, rana tana walƙiya a kan bayansu. Yaya yana can gefen kudu, shi ne na ƙarshe a layin, kusa da bado. Na gaba ya kai giginya. Jikina da kansa ya jira shirun, kamar yadda kake jiran amin bayan addu'a. Bai zo ba. Makaɗan nan baƙi ne, sun ji dokoki shida daga bakina, ba su ji an ce musu komai ba. Da suka ga tsere ya yi zafi sai ma suka ƙara. Baƙin ƴan kallo suka ɗauki ihu. Sarkin samari yana ta zuba wa manya kirari ta amsa-kuwwa. Mutanen garinmu suka fara kallon juna. Kowa ya sani, amma wa zai tashi a gaban manyan baƙi ya ce a yi shiru? Dattawa suna duban Mushe, Mushe yana duban rumfa, mai dokar kuma yana can ƙetare.

Sai idona ya faɗa kan tsohon makaɗinmu. Ya ajiye kalangunsa a ƙasa, ya taka har bakin ruwa, ya sa tafin hannu a bayan kunnensa ya karkata kai. A nan na gane. Mutumin da ke kife a kan gora fuskarsa tana dab da ruwa, gabansa kawai yake gani. Ba ya ganin na gefensa, balle na bayansa. Doka ta shida ta ce wanda ya ga wani ya kife ya koma, amma a zurfi ba gani ake yi ba, ji ake yi. Shirun nan ba na ruwa ba ne, na mutum ne, don in ya yi kira a ji shi.

Na fara ƙirga kawuna. Goma sha takwas. Na ce hasken rana ne, na sake daga arewa zuwa kudu, ina nunawa da bik. Goma sha takwas. Na dubi tabarma, huluna goma sha tara. Na sake ƙirgawa sau na uku. Sun yi nisa, kawunan duk baƙaƙe ne iri ɗaya, ban san wane ne babu ba.

Na ja hannun rigar Mushe. "Mutum ɗaya babu."

"Me?"

"Mutum ɗaya babu!"

Ya nuna kunnensa, ya nuna ganguna, ya ce in bari a gama. Ban san yadda aka yi na isa wajen sarkin samari ba. Na dai ga hannuna a kan mikoron, shi yana riƙe ni ina ja. Ya ce, "Ke, lafiyarki?" Na fizge. Na ce a yi shiru, amma da irin muryar da nake gaida baƙi, ba wanda ya kula. Sai na rufe ido na kwarma.

"A ajiye kiɗa! Mutum ɗaya babu! A ajiye kiɗa, don Allah!"

Amsa-kuwwar ta yi wata ƙara mai tsinka kunne. Ganga ɗaya ta tsaya, sai ta biyu. Na ƙarshensu ya ƙara bugu uku shi kaɗai kafin wani ya riƙe masa hannu. Ihu ya mutu daga gaba zuwa baya. Masu tsere da kansu suka daina tuƙi, suka ɗago kai.

Ba a ji komai ba. Wani jariri ya fara kuka aka toshe masa baki da nono. Na ji bugun zuciyata, na ji ruwa yana lasar gaɓa. Ban san tsawon lokacin ba, ni da nake rubuta awa a kan komai. Sai can ta kudu, cikin bado, aka ji fat. Kamar an mari ruwa da tafin hannu. Aka sake, fat, a raunane.

Tsohon makaɗi ya miƙa hannu ya ce, "Ga shi can!"

Mutum biyu daga cikin na gaba suka juya gorunansu, ɗaya daga cikinsu saura kaɗan ya ci tseren. Suka kutsa cikin bado, ɗaya ya nutsa da wuƙar da aka jefa masa daga wata gorar masunta. Da suka ɗago shi suka ɗora a kan gora suna turowa, ban ga fuskarsa ba, amma na ga tabon ƙunar da na sani a kafaɗarsa ta hagu. Na dubi hular da ke kusa da ƙafata.

Aka kwantar da Yaya a kan yashi, aka danna cikinsa, ruwa yana fita ta baki da hanci. Saiwar bado tana naɗe a ƙafarsa har gwiwa. Inna tana cikin mata. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ba ta matso ba. Ta juya baya tana kallon gonaki, ta kama reshen wata ƙaya ta riƙe. Sai da ya yi tari aka ce yana numfashi sannan ta saki, tafinta duk jini, ta ce wa ta kusa da ita, "Yaron nan ya cika rigima."

Da la'asar gidanmu ya cika da masu barka. Kowa ni yake yabo. Yarinyar da ba ta magana ita ta ceci yayanta. Wata tsohuwa ta kawo mini ƙwai. Ni kuwa ina zaune a bayan rumbu, kayen yana cinyata.

Can Kaka ya zo ya same ni. Bai ce matata ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Karanta mini abin da kika karanta musu."

Bai iya karatun boko ba. Daga yamma kuma ba ya jin abin da aka faɗa a gabas. Da na karanta masa bakwai ba zai sani ba, a ranar dai. Na buɗe kayen, na karanta ta ɗaya har ta shida, na tsaya.

"Sai kuma?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Bakwai na ba ki."

"Na cire ɗaya. Na ga ba ta masu tsere ba ce."

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sanda. Sai ya ce, "Wa ya gaya miki wanda ke tsaye a gaɓa ba ya cikin tseren? Su hannu suka kai ruwa, mu kunne." Ya tashi, ya kai ƙofa ya juyo. "Ni ma da laifina. Na ba ki doka ban ba ki dalilinta ba." Bai faɗa wa kowa ba har ya rasu. Amma sai da aka yi wata biyu kafin ya sake kirana matarsa.

Yaya ya yi sati uku a kwance da ciwon ƙirji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne muryarsa. Ta dishe, kwana da kwanaki ba ta fita sai raɗa. Mutane suka ce ruwan da ya sha ne. Ni kuwa na san yadda murya take dishewa. Ranar da na kai masa kunu, na tsuguna na faɗa masa abin da na yi, duka, har yabon Mushe. Sannan na tambaye shi.

"Yaya, ka yi kira?"

Ya kurɓi kunun ya yamutsa fuska. "Wannan ba tsamiya. A kwalej ba a koya muku dama kunu?"

Na koma makaranta da tambayata. Na sake yi masa ita ranar da na samu takardar koyarwa, ya ce in bar shi ya ji da baƙi. Na sake bayan rasuwar Inna, ya ce, "Ke har yanzu kina nan cikin tabkin nan? Ni na fita tuni." Bai sake hawa gora ba, ya koma noman gyaɗa da kiwon awaki. Tseren ma bai daɗe ba bayan Kaka. Shekaru na yi ina koyar da yara, kuma duk wanda ya zo mini da abu ya ce ba wurinsa ba ne, sai in ce ya je ya tambayo wanda ya ajiye shi tukuna. Amma ko a cikin aji, in yara suka yi tsit, tambayar nan takan dawo mini. In bai yi kira ba, to layina bai canja komai ba. In ya yi, to ni ce na toshe kunnen gari guda.

Bara da na je, na same shi a gonarsa ta bakin tabki, gemu ya yi fari, yana jingine da buhun gyaɗa. A ɗan ruwan da ya rage wasu yara suna tsere a kan jarkokin roba, wani ya rataye musu rediyo a reshe tana ta waƙa. Muka zauna muna kallonsu. Ya ɓare gyaɗa ya miƙo mini.

Na ce, "Yaya, mun tsufa. Ba na son ɗayanmu ya tafi da maganar nan."

"Ƴar lakwal, ba kya gajiya."

"Ba na gajiya. Ka yi kira?"

Ya kira wani jikansa ya ce ya je ya kashe rediyon can, in sun fito sa kunna. Ya jira har aka kashe. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Na yi. Sau huɗu, har na ji wani abu ya tsage a maƙogwarona. Ba wanda ya juyo, sai ganga. Na yi shahada na saki jikina, na riga na haƙura. Sai na ji ki. Na ce yau wannan yarinyar ce take ihu a gaban mutane? To bari in ƙara ɗaga hannu, kada ta ji kunya a banza. Da na faɗa miki haka a waccan shekarar, da kin ƙone kayen ba ki koma kwalej ba. Shi ya sa na ce kunu ba tsamiya. Akwai tsamiya a ciki."